Dokas da Robar da ke Bin Mayen Ƙarfe

Dokas Talle ta yi shekara talatin da biyar tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na sashen kimistiri a wata jami'a a Kano, amma har ta ajiye aiki ta dawo gida, yawancin mutanen ƙauyensu sun ɗauka a asibiti take. Sun taɓa ganin hotonta sanye da farar riga, daga nan ba wanda ya ƙara tambaya.

Ƙauyen nasu, Gidan Talle, yana tsakanin Shanono da dam ɗin Watari, a yankin da gona ke manne da gona, ba ka tafiyar minti goma ba ka tarar da danga ko rumbu ba. Sunan mahaifinta wurin ya ci, domin shi ya fara kafa bukka a nan. Manomin gero da gyaɗa ne, kuma a addinin kakanni ya tashi. Dokas tana da shekara shida lokacin da shi da 'yan'uwansa suka karɓi Kiristanci, aka kwaso tukwanen da ake ajiyewa a gindin tsamiyar bayan gida aka farfasa su a gaban jama'a. A shekarar ya sa ta a makaranta.

Da ta gama sakandare ta yi 'yan shekaru a gida tana taya noma, sannan wani kawunta da ke gadi a jami'ar ya yi mata hanya aka ɗauke ta wankin kwalabe. Tana wanki tana kallon abin da ake yi da kwalaben. A hankali ta san sunayen sinadarai, ta san wanda ba a buɗewa sai a gaban fankar zuƙe iska, da wanda ba a haɗawa da ruwa. Daga baya ta yi wani karatun ƙarshen mako ta sami takarda, aka mayar da ita mai kula da ɗakin. Ta auri wani kafinta mai suna Zachariah, suka haifi 'ya ɗaya, Rachael. Yarinyar tana aji uku a sakandare ya rasu. Rachael ta zama nas, aure ya kai ta Fatakwal, Dokas ta ci gaba da zama ita kaɗai a ɗaki ciki da falo.

Ba mace ce mai yawan magana ba. Ɗalibai sun san ta a matsayin matar nan da ke hana shiga da abinci, malamai kuma sun san idan ta ce kwalba ta wanku to ta wanku. Sun wuce ta gabanta dubbai, da wuya ka sami wanda ya san daga wane gari ta fito.

A shekarar 2014 wata sabuwar malama, Dakta Ikilima, ta dawo daga karatu a waje aka ba ta tebur a ɗakin. Ta girmi Rachael da kaɗan. Ran da kayanta suka iso ta kira Dokas ta nuna mata wata 'yar kwalba mai ɗauke da wani ruwa mai kauri, launinsa kamar man gyaɗa.

Ta ce, "Anti Dokas, me kike gani wannan?"

Dokas ta karkata kwalbar ta ga yadda abin ke gangarowa a hankali, ta ce ita dai mai take gani.

"Gishiri ne. Gishirin miya sai an yi masa wuta mai tsanani yake narkewa. Wannan kuwa an ƙera shi ne yadda ba ya daskarewa, a narke yake zama."

Sannan ta zauna ta yi mata bayanin aikin gaba ɗaya, abin da ba malamin da ya taɓa yi. Ta ce ƙwayoyin wannan gishirin kowace tana da ɗan hannu. Idan aka ɗiga musu wani sinadari aka ɗumama, sai su kama hannun juna su zama doguwar sarƙa, ruwan ya koma kamar roba. Shi ake kira polima. Daga nan a zuba masa gishirin ƙarfe, ƙarfen ya maƙale a jikin sarƙar, sai a sami robar da mayen ƙarfe zai iya janta. Amfaninta shi ne a niƙa ta a barbaɗa a cikin gurɓataccen ruwa, irin wanda ke fitowa daga wuraren rini da jima, ta kama dattin, sannan a sa mayen ƙarfe a kwashe ta da dattin duka, ba sai an tace ba.

Ɗalibai biyu aka fara ba aikin. Sau tara suna yi, sau tara abin yana fitowa jagwab kamar ɓatacciyar alawa, a kanga masa mayen ƙarfe ko motsi ba ya yi. Dakta Ikilima ta fara zargin kayan da aka sayo. Dokas kuwa tana gefe tana kallo, kuma ta ga wani abu. Lokacin tsakiyar damina ne. Duk sanda ɗalibi ya zuba gishirin ƙarfen a kan sikeli, lambar ba ta tsayawa, sai ta dinga hawa, baƙin garin kuma yana komawa rawaya yana yin danshi. Raɓar iska yake sha. Rabin abin da suke aunawa ruwa ne.

Kwana biyu ta riƙe maganar a ciki, domin ba ta saba a nemi ra'ayinta ba, kuma ba ta son ta kunyata yaran. A rana ta uku, bayan sun fita salla, ta faɗa wa Dakta. Dakta ta cire safar hannunta ta miƙa mata, ta ce wannan karon ita za ta yi.

Dokas ta gasa kowace kwalba da cokali a tanda har suka bushe ƙayau. Ta auna garin a cikin rufaffiyar kwalba, ta juye shi cikin gaggawa. Aikin ya ci kwana huɗu. Ranar Alhamis da hantsi ta kankaro abin daga faranti, ya fito da tauri, launin ƙasa mai duhu. Ta gutsuri ɗan ƙanƙani ta ajiye a kan farar takarda, Dakta ta matso da mayen ƙarfe mai girman ɗunƙulen magi. Gutsuren ya yi ɗan rawa, ya ja ciki a kan takardar, ya je ya manne. Suka maimaita sau biyar. Dakta ta ce alhamdulillahi, Dokas ta ce an gode Allah, sai suka fashe da dariya kamar yara.

Shekara biyar da suka biyo baya su ne Dokas ke kira shekarun aikinta na gaske. Dakta ta ba ta babban littafi ta ce duk abin da aka gwada ta rubuta da hannunta. Da rana sukan sha shayi a ofis suna gardama a kan dalilin da ya sa wani gwaji ya ƙi. Idan Dakta ta shimfiɗa darduma a lungu, Dokas ke tsaron abin da ke kan wuta. Ranar Lahadi kuwa, idan akwai abin da ba a iya bari, Dakta ke zuwa don Dokas ta je coci.

Matsala ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Robar tana bin mayen ƙarfe matuƙar a bushe take. Da zarar an jefa ta a ruwa tana kama kalar rini da kyau, amma kafin awa guda ƙarfen ya saki sarƙar ya narke, ruwan ya yi rawaya, robar ta kwanta a ƙasan kwalba ba ta jin kiran kowa. Wato a wurin da ake bukatarta, a nan take mutuwa. Duk da haka Dakta ta rubuta abin da suka samu aka buga a wata mujallar kimiyya. A ƙarshen takardar akwai layi ɗaya na godiya ga D. Talle. Dakta ta karanta mata shi da kanta, ta ce ta so a sa sunan a sama, amma ba a saba ba. Dokas ta ce ba komai, kuma a lokacin da gaske take.

A 2019 Dakta Ikilima ta sami aiki a Malesiya, ta kwashi mijinta da 'ya'yanta. Ranar sallama ta ba Dokas littafin, da mayen ƙarfen, da wata kwalba mai murfin roba cike da robar da suka yi ta ƙarshe, wadda ba ta fi cikin gwangwanin tumatir ba. Ta ce abin nata ne fiye da na kowa, kuma za su dinga waya. Sun yi wayar sau uku ko huɗu a shekarar farko.

An ba wani malami teburin, shi kuma aikinsa a kan man fetur ne. Dokas ta koma jera kwalabe da hana shiga da abinci. Shekara uku ta yi a haka, ba wanda ya sake tambayarta me take gani. A 2022 ta cika shekarun aiki, aka yi mata ɗan biki da lemo da cincin, aka ba ta agogon bango. Gidan hayar ya yi mata faɗi, unguwar ta cika da baƙin fuskoki, sai ta ɗaure kayanta ta koma Gidan Talle.

Ƙaninta Yaro shi ne mai gida yanzu. Ya gyara mata ɗakin mahaifiyarsu, ya sa sabon kwano, matarsa Jumma kuma ba ta taɓa barinta da yunwa ba. Ba wanda ya wulaƙanta ta. Sai dai ta tarar da sa'o'inta wasu sun mutu, wasu sun tsufa da hirar jikoki da ƙishin ruwan shuka, hirar da ba ta da abin sakawa a ciki. Makonnin farko mata suka yi ta kawo mata yara masu zazzaɓi, tana ce musu ita ba ta san allura ba, su kai su Shanono. Suna tafiya da alamar cewa rowa take yi. Da safe kowa ya watse gona, gidan ya rage daga ita sai kaji da agogon bango.

Wata Laraba bayan taron zumuntar mata, huɗu daga cikinsu suka rako ta gida, ɗaya ta tambaye ta to wai in ba asibiti ba, wane aiki ta yi duk shekarun nan. Daɗi ya kama Dokas. Ta shiga ta fito da kwalbar da mayen ƙarfen, ta ɗora ɗan gutsure a kan murfin kwano, ta ce su duba, wannan ba ƙarfe ba ne, su taɓa su ji. Sai ta sa mayen a ƙarƙashin murfin tana jansa, gutsuren yana bin hannunta duk inda ya nufa. Ta fara bayanin gishirin da ba ya daskarewa. Wata tsohuwa ta ja da baya ta gyara ɗankwalinta. Suka yi sallama da wuri.

Bayan kwana uku Yaro ya same ta a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Ya daɗe yana zagaye da maganar taki da tsadar iri kafin ya zo kan batu. Ya ce ana ƙananan maganganu, wai ta dawo da wani abu a kwalba mai tafiya da kansa.

Ya ce, "Yaya, ni na san karatu ne. Amma kin san gidan nan. Baba da hannunsa ya fasa tukwanen can, kuma har yau akwai masu jiran su ji an ce 'ya'yan Talle sun koma."

Ta ce ai ko mai gyaran rediyo yana da mayen ƙarfe. Ya ce ya sani, amma na mai rediyo ƙusa yake ja.

Faston cocinsu ma ya zo da kansa wata yamma. Mutum ne mai hankali, ya yi kimistiri a sakandare. Ta nuna masa, ta buɗe masa littafin, ya jinjina kai ya ce lallai Allah ya ba ɗan Adam basira. Da zai tafi ya roƙe ta ta bar abin a ɗaki, don masu raunin zuciya. A coci ba a canja mata fuska ba, amma ta lura matar da ke zama kusa da ita a benci ta koma layin baya, kuma an daina aiko yara su karɓi gishiri ko ashana a wurinta.

To da yake ba mai ji, sai ta koma yi da kanta. Ta ce a ranta matsalar ruwan nan tana nan inda suka bar ta, ga lokaci kuma ya samu. Ba ta da tanda, ba ta da sikelin kirki, ba ta da sinadaran da za ta yi sabuwar roba. Abin da ke cikin kwalbar nan shi ke nan, duk gwaji ɗaya sai ya ragu. Ta sayo ƙananan kofunan gilashi shida da jar kalar da masu alawa ke sawa, don ta zame mata dattin gwaji. Ma'auninta murfin biro ne. Takan fara da hantsi idan gida ya watse, ta tura ƙofa ta bar taga.

Tunaninta shi ne a yi wa robar riga, yadda ƙarfen ba zai gudu ba. Ta fara da ƙaro, ya narke tare da komai. Ta gwada man kaɗe, ya taso saman ruwa ya bar robar tsirara. Ta gwada fentin katako irin wanda marigayi mijinta ke shafa wa kujeru, ya bushe kamar dutse. Kakin zuma ne ya ba ta fata. Da ta narka shi ta cuɗa da garin robar ta murza ƙanana kamar gero, sai suka kwana biyu a ruwa suna bin mayen ƙarfe. Amma ruwan yana nan ja wur. Rigar ta hana ƙarfen fita, ta kuma hana kalar shiga. Ta rubuta haka a littafi, ta rufe, ta yi wata guda ba ta taɓa shi ba.

A cikin watan nan ne ta fara bin Jumma zuwa Watari, inda Yaro ke da ɗan fili na noman rani. A nan ta ga yadda masu tumatir da albasa ke gama feshi su tsoma famfunan feshinsu a kanal ɗin da ke kai ruwan dam gonaki su ɗauraye, farin ruwan maganin yana bin kanal, can ƙasa kuma mata na wanki, shanu na sha. Ta tsaya tana kallo har Jumma ta kira ta. Da ta dawo gida ta sake buɗe littafin.

Dabarar ta zo mata ne tana wanka da soso. Ta ga ashe riga mai ƙofofi ake bukata. Ta niƙa gishirin miya ya yi laushi, ta cuɗa shi da kakin da robar, ta murza, ta jiƙa na ɗan lokaci don gishirin ya narke ya bar 'yan ramuka. Sau shida tana canja yawan gishirin. A na bakwai, wata Talata cikin watan Maris, ta zuba ƙwayoyin a kofin jan ruwa ta motsa da tsinke. Kafin ta gama share ɗaki jan ya dushe ya koma kamar ruwan wankin kwano. Ta kanga mayen ƙarfe a jikin kofin, ƙwayoyin suka taru suka manne a gefe. Ta sa su a kofi na biyu, suka yi. Na uku ma suka yi, a hankali. A na huɗu suka kwanta.

Ta zauna a bakin gado da kofin a hannu. Ta leƙa tsakar gida, ba kowa. Ta buɗe baki kamar za ta kira wani, sai ta rufe. Da yamma Jumma ta tambaye ta ko lafiya ta ga tana ta murmushi, ta ce lafiya lau.

A Gidan Talle waya ba ta kamawa sosai, saboda haka ranar kasuwa ta hau babur zuwa Shanono. Ta zauna a bencin wata mai sayar da atamfa, ta ɗauki hoton shafuka goma sha ɗaya na littafin ta tura wa Dakta Ikilima, ta haɗa da saƙon murya na minti shida, wanda sai da ta goge ta sake sau uku. Daga nan kowane mako takan sami dalilin zuwa Shanono. Mako bakwai ba amsa.

A na takwas, tana tsaye gaban mai kayan miya, wayar ta yi ƙara. A can magariba ta yi, a nan ko azahar ba a kira ba. Muryar Dakta tana nan yadda take. Ta ba da haƙuri, ta ce aiki da yara sun sha mata kai. Ta ce ta karanta shafukan duka, kuma dabarar gishirin nan ta sa ta ajiye cokali tana cin abinci, domin da wannan hanyar ake yin wasu abubuwan tacewa a manyan ɗakunan gwaji, ga shi Anti ta gano ta da murfin biro.

"Anti, gara in faɗa miki gaskiya. Na bar wannan layin tun shekara uku, yanzu a kan batir nake aiki. Kuma matsalar ruwan, wasu sun sami hanyarta. Sun canja yadda ake ɗaure ƙarfen, nasu yana yin sau ashirin."

Dokas ta ce, "Ashe an gama."

"Ba a gama ba, har yanzu bai fita daga ɗakin gwaji ba. Amma an wuce inda muka tsaya."

Dokas ta tambaye ta ko nasu yana kama maganin feshi. Dakta ta ce wasu iri yana kamawa, ta yi alkawarin turo mata takardun. Suka gaisa da yara, Dakta ta ce in ta zo gida hutu sai ta zo har ƙauye. Mai kayan miya yana ta jira da tattasai a leda.

A kan babur ɗin komawa ba ta yi kuka ba. Abin da ya tsaya mata a rai ba wai an riga ta ba ne. Ta lura cewa minti goma sha huɗu ɗin nan da suka yi a waya su ne karo na farko cikin shekara biyar da ta yi magana da wanda ya san abin da take faɗi, kuma ba ta san yaushe za a sake ba. Takardun sun iso bayan kwana biyu, da Turanci mai tsauri. Ta karanta abin da ta iya, ta ga hotunan, ta yarda nasu ya fi.

Abin da ya rage a kwalbar bai fi ƙwayar dabino ba. Ta yanke shawarar ba za ta ƙara taɓa shi ba. Amma murfin ya tsufa ya tsage ba ta sani ba, damina kuma ta yi ƙarfi a shekarar. Wata safiya cikin Agusta ta ɗauko kwalbar ta tarar abin ya sha raɓa ya narke, ya zama wani ruwa mai launin tsatsa a ƙasa. Ta kanga mayen ƙarfe, ba abin da ya motsa. Ta rubuta kwanan wata a littafin da abin da ta gani, ta haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya ta binne kwalbar.

Rachael ta sha kiranta ta koma Fatakwal ta zauna da jikoki. Takan ce sai an gama girbi, in an gama ta ce sai an ɗebe albasa. Ta je sau ɗaya ta yi wata biyu, ta dawo ta ce zafin can mai danshi ne, ba ta iya numfashi.

Da rani ya kama ta sayi bokiti biyu. Ranakun da aka fi yin feshi takan riga Jumma fita, ta je ta zauna a gindin wata bishiyar darbejiya da ke da 'yar tazara daga kanal, inda Yaro ya haƙa mata rami bisa roƙonta. Takan ɗebo ruwa ta ajiye. Idan ta hango manomi ya doshi kanal da famfo a bayansa, sai ta gaishe shi ta ce ga ruwa nan ta ɗebo, ya zo ya wanke a nan ya zubar a ramin. Ba ta yi musu dogon bayani, ta gwada sau ɗaya ta ga idanunsu suna kan rana. Yawancinsu samarin ƙauyukan Musulmi ne na kewaye, ba su san sunanta ba, Iya suke ce mata. Wasu suna zuwa saboda kunyar a ce tsohuwa ta ɗebo ruwa sun ƙi. Wasu su amsa gaisuwa su wuce. Akwai wani mai albasa, Dabo, da ya haƙa irin ramin a bakin gonarsa, kuma yakan ajiye mata 'yan tumatir a kan tushen bishiyar.

Yanzu tana da shekara sittin da uku, gwiwarta ta fara ciwo, bokiti ɗaya take iya ɗauka a tafiya guda. A rana mai kyau mutum biyar ko shida ke tsayawa. Akwai ranakun da ba kowa. A irin waɗannan takan zauna har inuwar ta matse, sannan ta zuba ruwan a gindin bishiyar, ta haɗa bokitan ta ɗora a ka, ta kama hanyar gida.